Yadda Za Ka Adana Tsofaffin Hotuna da Takardun Gidanku a Kwamfuta

Tun daga shekarar 2016 laburaren jama'a na birnin Washington a Amurka ya ware wuri na musamman inda mutane ke kwafe hotuna da kaset-kaset na iyalansu zuwa kwamfuta kyauta. Kai ma ka fara da tambayar laburaren garinku ko suna da na'urar sikana (mai kwafe hoto ko takarda zuwa kwamfuta), domin ta fi kyamarar waya fitar da hoto tsaf.

Kafin ka tafi, ka zauna da dattawan gida su faɗa maka sunayen waɗanda ke cikin kowane hoto da shekarar da aka ɗauka, ka rubuta a bayansa da fensir a hankali, saboda tawadar biro tana ratsa takarda. Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci a ganina, domin hoton da ba a san mai shi ba ya rasa rabin amfaninsa.

A wurin sikanin, ka goge gilashin na'urar da ƙyalle mai laushi, ka saita na'urar a 600 dpi (ma'aunin tsaftar fitowar hoto) don hotuna, 300 dpi don takardun gona, na gado da rubutun ajami, sannan ka adana su a tsarin TIFF, wato nau'in fayil na hoto da ba ya rage ingancinsa. Idan hoto ya manne da gilashin firam, kada ka ɓamɓare shi. Ka ɗauki hotonsa yadda yake.

Ka yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi wurin ɗan'uwa a wani gida, ɗaya a intanet. Asalin takardun kuwa kada ka yi musu laminetin, domin zafinsa yana lalata su. Ka sa su cikin akwati a ɗaki busasshe, nesa da ƙasa, inda laimar damina da gara ba za su kai gare su ba.