Wake a Teksas: ku fara da kantin 'yan Meksiko

Duk baƙon da ya sauka a birnin Houston da ke jihar Teksas ta Amurka, tambayarsa ta farko ita ce ina kantin 'yan Afirka. Akwai su, musamman ta wajen titin Bissonnet, amma kayansu da tsada, kuma ba kullum ake samun mai kai mutum a mota ba. Ni dai abin da nake gaya wa kowa shi ne, ku nemi kantin 'yan Meksiko mafi kusa da ku, irin su Fiesta Mart. Rabin cefanenku yana can, suna ne kawai ya bambanta.

Busasshen furen nan ja da suka rubuta wa jamaica, suna faɗin hamaika, zoɓo ne. Tamarindo tsamiya ce, yuca rogo ne, habanero kuma ɗan'uwan attaruhu ne, ya ma fi shi zafin rai. Ranar da na fara ganin zoɓo jibge a akwati ana aunawa, na daɗe a tsaye kamar na haɗu da ɗan garinmu.

Sai wake, wanda shi ne ƙashin bayan girkinsu. Namu farin wake mai baƙin ido yana nan da sunan black-eyed peas, a leda mai fam ɗaya, wato giram 454. Ƙarshen Disamba yakan cika kantuna, don mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka suna cin sa ranar sabuwar shekara. Shi za ku saya in ƙosai ko alala kuke so. Kada ku wahalar da kanku da pinto a wannan aikin, ɓawonsa ba ya fita da daɗin rai.

Amma pinto, mai ɗige-ɗigen nan, shi ne waken yau da gobe a Teksas, kuma ya fi namu taurin kai. A jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a ɗora da sabon ruwa da rabin albasa da tafarnuwa. Zai ci awa ɗaya da rabi, wani lokaci biyu. In babu kanwa, ɗan tsunkule na baking soda ya isa. In ya yi yawa waken zai dagargaje ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Tumatir kuwa sai ya yi laushi ake sa shi, don tsami yana hana wake nuna. Jan waken nan babba mai siffar ƙoda shi ne abin kiyayewa: dole ya tafasa sosai aƙalla minti 10, in ba haka ba ya juya ciki da amai da gudawa. Kada a zuba shi ɗanye a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali a tafi aiki.

Tukunya ɗaya ranar Lahadi tana kai ni Laraba. Yau garau-garau da mai da yaji, gobe abin da suke kira refritos. A soya albasa a man gyaɗa har ta yi ja, a zuba dafaffen waken da ludayi ɗaya na ruwansa, a yi ta danna shi da bayan ludayin har ya kama jikinsa kamar faten da ya yi kauri. A ɗumama tortiya, wato ɗan burodinsu mai faɗi marar kauri, a busasshen kasko, a shafa, a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, a naɗe. Maƙwabciyata 'yar Meksiko ta ɗanɗana da yajin nan, ta ce sai na zuba mata a kwalba.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. A girkinsu na asali da man alade ake soya refritos, suna ce masa manteca, da Turanci lard. Yana shiga tamale, wato ƙullin masara da suke turarawa a ganye kamar alala, yana shiga wasu tortiyan na alkama. Watana na farko na sayo gwangwanin wake biyu don arha, sai da na buɗe ɗaya na juye a tukunya sannan idona ya kai kan ƙananan rubutun baya. Haka na zubar, na wanke tukunyar har sau uku, muka kwana da shayi da burodi. Tun daga ranar nake juya kowane gwangwani kafin ya shiga kwando. A gidan abinci, waken da ake kira charros da naman alade ake dafa shi, borrachos kuma da giya. Tortiyar masara galibi gari ce da ruwa da gishiri, ita ta fi kwanciyar hankali, duk da haka a duba.

In kun ga buhun Maseca an rubuta masa a jiki, ba wainarmu ba ce. Garin masara ne da aka dafa da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, na tortiya. Wasu suna tuƙa tuwo da shi, ni ƙanshin bai yi mini da miyar kuka ba.

Kafin ku zauna cin abinci a wajensu, ku haddace kalmomi biyu: “Tiyene manteka?” Wato akwai man alade a ciki? In aka ce “si”, ku nemi wani abin.