Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin tsarin furotin

Ɗalibai da yawa suna haddace matakai huɗu na tsarin furotin, amma a tambaye su abin da ke riƙe da kowane mataki sai su yi shiru. Gyaran shi ne duk matakin da ka zo kansa ka tambayi kanka: wane haɗi ne ya ɗaure wannan?

Matakin farko jerin amino asid ne kawai, kamar ƙwayoyin carbi a zare, haɗin peptaid ke riƙe da su. A na biyu sarƙar tana murɗewa ta zama alfa-helis, ko ta kwanta ta zama shimfiɗar beta, siffofin da Linus Pauling da abokan aikinsa suka bayyana a 1951. Nan ake yawan zamewa, a ce rassan gefe, wato ɓangarorin amino asid da ke fitowa daga jikin sarƙar, su ne suka kawo murɗin. Haɗin haidirojin da ke jikin sarƙar kanta ne ya kawo shi. Rassan gefe sai a mataki na uku suke tasiri, inda masu ƙin ruwa ke ɓuya a ciki, wani lokaci kuma amino asid biyu masu suna sistin su ƙulla haɗin salfa.

Ba kowane furotin ke da mataki na huɗu ba, wato haɗuwar sarƙoƙi fiye da ɗaya. Mayogilobin, wanda John Kendrew ya fito da siffarsa a 1958, sarƙa ɗaya ce tak. Hemogilobin kuwa, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jar ƙwayar jini, sarƙa huɗu ce, alfa biyu da beta biyu. Kada sunan ya ruɗe ka: sarƙar beta ta hemogilobin cike take da alfa-helis, babu shimfiɗar beta a cikinta.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne raina matakin farko, a ɗauka canjin amino asid ɗaya ba komai ba ne. A cutar sikila, wadda ta addabi gidaje da yawa a Nijeriya, falin ne ya maye gurbin gulutamik asid a wuri na 6 na sarƙar beta mai amino asid 146, kamar yadda binciken Vernon Ingram ya gano a shekarun 1950. Falin ba ya son ruwa, don haka idan iskar oksijin ta yi ƙaranci sai hemogilobin su manne wa juna su zama dogayen zaruruwa, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon da yaro ke kwana yana kuka da shi daga nan ya faro.

Game da dafa ƙwai, farinsa na daskarewa ne saboda zafi ya warware naɗin furotin, sarƙoƙin suka cukurkuɗe. Haɗin peptaid bai tsinke ba, jerin yana nan daram.

Wajen rarrabawa kuma, kada ka haɗa ma'auni biyu a jeri ɗaya. Ta fuskar siffa akwai masu zare irin kolajin da keratin, da dunƙulallu irin hemogilobin. Ta fuskar abin da suka ƙunsa akwai zallar amino asid, da masu ɗauke da ƙari. Hemogilobin dunƙulalle ne, kuma mai ƙari ne saboda him, ɓangaren da ba amino asid ba ne, wanda ke riƙe da sinadarin ƙarfe (ayon).