Yadda za ka karanta tarihin ilmun nafsi ba tare da ya cakuɗe maka ba

Ƙannena da ke shiga jami'a a nan Sudan, ku da aka ɗora wa darasin tarihin ilmun nafsi a shekarar farko, na san yadda muzakkirar nan, wato takardun darasin da ake raba muku, take, sunaye da shekaru jere kamar lissafin bashi, a haddace a zubar ranar imtihan, bayan sati biyu babu ko ɗaya a kai. Ni ma haka na yi a karon farko kuma har yau ina jin takaicin lokacin da na ɓata. Ga hanyar da ta fisshe ni daga baya.

Kafin komai ka samu farar takarda ka ja layi a tsakiya, don fanni biyu ne ake haɗa mana a kwano ɗaya. Ilmun nafsi, wato ilimin halayyar ɗan Adam, daga falsafa ya fito ya koma ɗakin gwaji. Shi kuwa ɗibbun nafsi, likitancin taɓin hankali, a asibiti aka haife shi cikin marasa lafiya. Duk sunan da ka ci karo da shi ka tambaya, wannan a wane ɓangaren zai zauna? Wallahi rabin ruɗanin daga nan yake warwarewa.

A ɓangaren farko turke ɗaya ya ishe ka ka ɗaure sauran, 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Laifzig ta Jamus. Kar ka tsaya kan shekarar kawai, ka gane me suke yi a ciki: a buga wani sauti, mutum ya danna maɓalli, a auna tsawon lokacin da ya ɗauka, wato sun ce hankali ma abu ne da za a iya aunawa. Sai 1913 John Watson a Amurka ya ce a bar zancen abin da ke cikin rai tunda ba a ganinsa, a kalli aikin da mutum yake yi. Ka ga musu ne ake yi, kowa martani yake mayar wa na gabansa, to ka rubuta gefen kowane suna da wa yake jayayya.

Ɓangaren asibiti ya fi tsawo. Kalmar da Turawa ke kiran fannin da ita, wato psychiatry, wani likitan Jamus, Johann Reil, ne ya ƙirƙire ta a 1808. Za a ce maka Pinel, wani likitan Faransa, ya kwance wa marasa lafiya sarƙa a Paris, gaskiya ne yana cikin lamarin, amma mai kula da ɗakunan, Pussin, shi ya fara aikin da hannunsa kuma ba kasafai ake tuna shi ba. Kraepelin, shi ma likitan Jamus, a 1899 ya raba manyan cututtukan gida biyu ta hanyar bin majinyata shekara da shekaru yana duba ƙarshen ciwonsu. Freud ka sa shi a kan layin tsakiya, likitan jijiyoyi ne a Biyana amma ko'ina ya taɓa. Sannan 1952, da aka fara ba da maganin kulorfuromazin a Paris, wanda ya sa mutane da dama suka samu komawa gidajensu.

To yanzu ka juya bayan takardar, nan ne wurin da nake so ka daɗe. Ka nemi Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934, cikin littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashi, da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai ba dalili, ya yi magana kan waswasi da tsoro da fushi, har ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya yadda ake ajiye magani a gida. Da Larabci yake, ku kuma Larabci ba ya ba ku wuya, wannan gata ce da ɗalibin Kano ko Zinder zai so ya samu. Marigayi Farfesa Malik Badri ɗan Rufa'a, da ya rasu a 2021, shi ya yi ƙoƙarin fito da aikin ga duniya. Sai dai don Allah kar ka rubuta wai komai mu muka fara, malami mai lura zai kama ka. Balkhi ya lura ya tsara, su Wundt suka zo da awo, kowa ka ba shi nasa.

Daga nan ka dawo gida. Asibitin Tijani al-Mahi na masu taɓin hankali da ke Umdurman kowa ya san sunan, har tsokana ake yi da shi a unguwa, amma mutum nawa suka san mai sunan? An haife shi a Kawa a 1911, ya yi makarantar likitanci ta Kitchener, ya ƙware a Landan a 1949, ya dawo ya buɗe wurin duba masu lalurar a Bahri, ya rasu a 1970. Abin da ya fi burge ni shi ne bai raina shehunnan masid, wato tsangayu, da fakai, wato malaman addu'a, ba, ya san wajensu ake fara kai mara lafiya, sai ya nemi a yi aiki tare, ya kuma zauna ya nazarci zar, wanda mu Hausawa in mun gani sai mu tuna bori. A daidai wannan zamanin Lambo, likitan taɓin hankali ɗan Najeriya, yana Aro ta Abekuta tun 1954 yana zaunar da majinyata a ƙauye tare da danginsu.

In takardar ta cika ka ɗauke ta ka je wurin kaka ko wata gwaggo, a Mai Wurno ne ko Gadarif, ka tambaye ta da can in mutum ya samu taɓi ina ake kai shi, wa ke jinyarsa, da wane suna ake kiran ciwon. Ka rubuta kalmomin yadda ta faɗe su, kar ka sa sunan kowa, sai ka ajiye kusa da rabe-raben Kraepelin ka ga inda suka haɗu da inda suka saɓa.