Yadda ake saita PGM a fanel ɗin ƙararrawar tsaro

PGM ɗin nan wata 'yar tasha ce a jikin fanel da kai ne zaka gaya mata aikin da zata yi, ko ta kunna fitila in an kulle sistem, ko ta ja rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya kunna babban kaya. Abin da ke rikita mutane shine ba wuta take bayarwa ba, negatif take saki, don haka wayar fositif ta abin da zaka jona, a AUX+ (tashar fanel mai ba da wutar fositif) zaka ɗaura ta, ɗayar kuma a PGM.

Mu ɗauki fanel ƙirar DSC PC1832, mai PGM1 da PGM2. Danna *8 sai lambar mai haɗawa, 5555 ce daga kamfani in ba a canza ba, ka shiga sashe 009. Lamba biyun farko na PGM1 ne, biyun baya na PGM2. Ka sa 05 in kana so fitila ta kama duk sanda aka kulle, 01 kuma jiniya yake bi. Danna # ka fita.

Amma don Allah a kula da lodi, PGM1 50mA kawai yake ɗauka, PGM2 300mA, kar ka jona wa PGM babbar jiniya kai tsaye wallahi zaka ƙona shi, sa rile a tsakani. In ƙaramar LED ce kar ka manta da resisto, ɗan abin da ke rage mata ƙarfin wuta. Sannan ka kulle ka buɗe ka ga ko ta kama.