Yadda za ka faɗa wa likita illar da prednisolone ke yi maka

Shekara 2 ke nan ina shan prednisolone saboda ciwon gaɓoɓi. Hankalin likitata yana kan hawan jini, sukari da raunin ƙashi. Ni kuwa kumburin fuska da rashin barci ne suka hana ni sakat.

Kafin ranar ganin likita, rubuta duk canjin da ka gani, har saurin fushi. Kada kunya ta rufe maka baki. Ni hotona na bara na nuna mata, nan take ta fahimta. Tambayi likitanka ko za a iya rage maka adadin, ka riƙa sha da safe bayan cin abinci.

Don Allah kada ka daina kwatsam in ka haura mako 3 kana sha. Jikinka ya rage samar da nasa kotisol, wato sinadarin da prednisolone ke yin irin aikinsa, shi ya sa a hankali likita ke janye maganin.