Kurakuran da 'yan kasuwarmu suke yi in sun samu mai saye a Amurka

Wallahi abin da ya fi kashe wa masu fitar da riɗi da zoɓo da citta ciniki da Amurkawa shi ne "ba damuwa". Mutum ya tambaye ka ko za ka iya loda kwantena biyu kafin ƙarshen wata, kai ka san kayan ma ba su gama haɗuwa a Dawanau ba balle su isa tashar jiragen ruwa ta Apapa, amma kunya ta hana ka cewa a'a sai ka ce ba damuwa, shi kuma ya ɗauka magana ta ƙare har ya je ya yi wa nasa kwastomomin alkawari. Ka faɗa masa gaskiya, kwantena ɗaya zan iya, ranar kaza. Ba zai ji haushi ba. In kuma mota ta maƙale a hanya ka tura imel a ranar, kar ka yi shiru kana jira abu ya gyaru, shirun nan ne yake sa su sauya dila.

Sai farashi. Mun saba a ninka kuɗi a jira tayi, to shi in ya ga ka tsuga ba zai taya ba, kawai ba za ka sake jin sa ba. Sa farashi kusa da na gaskiya, ka rubuta FOB ne (farashin kaya har a loda su a jirgin ruwa) ko CIF (har da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar mai saye). Kuma don Allah ka tambaya wane tan ake nufi, tan ɗinsu na gida wajen kilo 907 ne, namu 1,000.

Kwanan wata ma haka, su wata suke fara rubutawa, 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne ba 3 ga Afrilu ba. Rubuta sunan watan kawai ka huta.

Gaisuwa kuwa a taƙaice, in ya shiga maganar kaya bayan minti biyu ba raini ba ne, haka suke, in ya kira ka da sunanka babu Alhaji ma kar ka sa a rai. Kyauta mai tsada ka bar ta, kamfanoni da yawa sun hana ma'aikatansu karɓa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne samfur. A tsince mai kyau a aika, a zo lodi a cika buhu da mai ƙasa da tsakuwa, su kuwa gwaji suke yi a ɗakin bincike, kuma abin ba kai kaɗai yake shafa ba har na bayanka. Kayan abinci dole wurin da ake sarrafa su ko ajiye su ya yi rajista da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka, a kuma sanar da ita kafin kaya su isa. Tun Janairun 2023 riɗi ya shiga jerin abincin da doka ta ce sai an bayyana a jikin kaya saboda masu borin jini, don haka in injin da ya gyara riɗi shi ya gyara zoɓonka, faɗa wa mai saye tun kafin a sa hannu a takarda.