Wa za ka ba tsohon katin ɗan wasa ya tantance maka?

Tun da labari ya bazu cewa an sayar da katin Pelé na 1958 sama da dala miliyan ɗaya a 2022, samarin Gombe suka shiga zazzage akwatunan iyayensu. Wani daga Tudun Wada ya kawo mini hotunan 'yan wasa na kamfanin Panini, irin waɗanda ake mannawa a littafi, na Kofin Duniya na 1994, har da Rashidi Yekini. Wani kuma yayansa da ke Amurka ya aiko masa da katin ɗan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon na kamfanin Fleer na 1986. Duk tambayarsu ɗaya: wa zai tantance?

Dattawanmu da suka yi noman auduga sun san irin wannan. Ka kai kaya wurin awo, malami ya duba ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu, kuɗinka kuwa a bakinsa yake. Kamfanin tantance kati ma haka ne: ya tabbatar na asali ne, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin kwanson roba mai lamba. Abin da yake kallo shi ne ko hoton ya zauna a tsakiya, da lafiyar kusurwoyi da gefuna da fuskar katin.

Kamfanonin da masu saye ke amincewa da su ba su da yawa. PSA ta Kalifoniya ta fara a 1991, kuma ita ta fi kasuwa. SGC ta Fulorida, wadda aka kafa a 1998, ta yi suna kan tsofaffin katuna. Ita ce ta ba katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle na 1952 maki 9.5, aka sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022. Beckett ta Tekzas ta shahara da ba kowane ɓangare na kati makinsa daban. Akwai kuma CGC. Ni dai in kati ya tsufa sosai, tsakanin PSA da SGC nake zaɓa. Sai dai ka sani tun 2024 mai gidansu ɗaya ne.

Kada ka tsaya ga suna, gwada su da kanka. Kamfanin kirki yana da shafi inda za ka rubuta lambar kwanso ya nuna maka sunan katin da makinsa, sau da yawa har da hotonsa. Yana kuma bayyana kati nawa irin naka ya tantance da makin da suka samu. Wanda bai da waɗannan biyun, roba kawai yake sayar maka. Daga nan ka shiga kasuwar intanet ta eBay ka duba waɗanda aka riga aka saya, ba kuɗin da masu kaya ke yi wa kayansu ba. In ka ga kamfani yana rabon maki 10 ga kowa amma katunansa ba sa kuɗi, ka gane.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne yadda suke yi da katin da aka taɓa. Mutane na datse gefen kati don ya yi kaifi, ko su shafa masa launi. Katin farko da PSA ta tantance, na tsohon ɗan wasan baseball Honus Wagner, ya samu maki 8, sai a 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a kotu cewa shi ya datse shi. In manya ma ana iya shammatarsu, to ka karanta alkawarin kamfani: zai biya diyya in kuskuren nasa ne? Kai ma kada ka goge kati da ruwa ko ka bi shi da dutsen guga. Hoton da aka riga aka manna a littafi kuwa, bar shi inda yake.

Sai lissafi, don komai da dala ne: ladan tantancewa da ke ƙaruwa da darajar kati, kuɗin DHL zuwa da dawowa, inshora, da abin da kwastan za su iya nema. Wancan ƙanen namu na Tudun Wada na ce masa ya riƙe Yekininsa, domin kuɗin hanya ya fi abin da zai samu. Mai Olajuwon na ce ya tura, don ana yawan buga jabun Fleer na 1986, musamman na Michael Jordan.

In ta hannun wani za ka aika, ɗauki hoton kati gaba da baya cikin haske, ku rubuta yarjejeniya gaban shaida, ya kuma ba ka lambar bin sawun aikin daga kamfanin. Saka katin a ledarsa mai laushi, sannan a roba mai ɗan tauri, ka haɗa shi tsakanin kwali biyu. Kafin tafiya ka ajiye shi nesa da rana da laimar damina.